Tonon da na saya wa Inna

Shekarar da rijiyar unguwarmu a Barmu ta ƙafe, na sayi tono, wato gangar ƙarfe, a kasuwar Tawa don in kai wa Inna ta riƙa ajiye ruwan sha. Mai sayarwa ya ce daga wata masana'anta aka kawo su, wanki ɗaya ya isa.

Na wanke da omo, na wanke da toka, na shanya a rana. Warin bai fita ba, wari kamar na kafur ɗin da ake sa wa tufafi. A gindin akwai wani baƙin maiƙo da ya ƙi tashi. Matata ta ce kowa a Tawa da irinsa yake sha, ni ne dai ko gishiri sai na shinshina. Duk da haka na kasa ɗora shi a motar Barmu.

Akwai wani mushe, wato malamin boko, da ke haya kusa da mu, yana koyar da kimiyya. Na kira shi ina jin kunya. Ya leƙa, ya ce in samo guntun wayar lantarki. Ya feɗe ta, ya gasa jan ƙarfen a rishon gas a tsakar gida har wutar ta daina canza launi. Sannan ya dangwali maiƙon, ya ce mu koma bayan iska, ya mayar cikin wuta. Harshen ya zama kore shar.

Ya ce wannan alamar sinadarin kulor ce. Da ita da warin, yana zargin dattin masana'anta ne, irin wanda ba ya wankuwa, yana taruwa a jikin mutum a hankali. Ainihin sunansa kuwa sai na'urar gwaji ta Yamai.

"To, in ƙona shi, mushe?"

"Kada ka ƙona, malam. Hayaƙin ya fi maiƙon sharri."

Matata ta ce a jefar a bola. Na san kafin la'asar wani zai ɗauka ya kai wa tasa uwar. Na ɗauko ƙusa da guduma na huhhuda jikinsa ko'ina, na cika shi da yashi, na rufe bakin da siminti.

Inna randuna biyu na kai mata. Ta ce dama ruwan ƙarfe bai da sanyi.

Tonon yana nan bayan ɗaki. In hadari ya taso nakan je in gyara ledar da na rufa masa.