Jan Zaren da Ke Jikin Sitiyarin Baba

Baba ya yi shekaru yana kai albasa da raguna ƙauyukan da ke cikin ruwa, daga mashigar da ke bayan Kasuwar Creek Road a Fatakwal. Jirginsa ƙarami ne, inji ɗaya a baya, sitiyari a tsakiya. Mahautan unguwarmu kan tsokane shi, wai Bakanon da ko iyo bai iya ba shi ne ya zama sarkin ruwa. Shi kuwa ko a jikinsa.

Ni bakaniken tifa ne, kuma ina da wata cuta: in na ga ƙarfe yana motsi, sai na san abin da ke motsa shi. Sitiyarin Baba waya ce mai kauri ke haɗa shi da inji, ruwan gishiri kuwa ya cinye ta, ta yi tauri, sai Baba ya sa ƙarfi duka kafin ya juya. Kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Kullum Umma na shafa masa man zafi tana mita, har ran nan ta ce ko a gyara abin nan ko ya haƙura da jirgin. Baba ya ce ranar da ya bar jirgi, to a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida a ƙyale shi ya mutu da zama. Na san ba wasa yake yi ba.

A mashigar nan na sha ganin manyan jiragen gudu, direba na juya su da yatsa ɗaya. Abin ya daɗe yana min yawo a ka. Na roƙi wani direba ya buɗe min na leƙa, sai na ga ashe babu waya ko ɗaya. Ɗan famfo ne a bayan sitiyari, tiyo biyu sun bi gefen jirgi zuwa wata silinda a wuyan inji. Mai ne ke yin aikin duka, kamar yadda yake ɗaga bodin tifa. Kai, ranar da ƙyar na ci abinci don zumuɗi.

Wata Lahadi da safe na kawo kayan. Baba ya zauna kan buhun albasa yana kallo. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, sai dai ya ce "kai" ko "malam bakanike" in yana cikin raha. Na zare tsohuwar wayar, baƙa ƙirin da tsatsa, na ɗaura famfo, na ja tiyo. Abu guda kawai ya nema: kar a canza masa tsohon sitiyarinsa. A ɗaya daga ƙafafun sitiyarin akwai jan zare da ƙaton ƙulli, ya yi baƙi da dattin hannu. Tun da nake ganinsa na ɗauka ado ne, ban taɓa tambaya ba.

Fitar da iskar da ke cikin tiyo ce ta ci mana lokaci. Baba na juya sitiyari, ni ina baya da sifana ina sassauta ɗan noti, mai na fita cikin gorar ruwa da kumfa.

"Baba, dama! A ci gaba, kar a tsaya."

"To malam bakanike, yau ni ne yaron shagonka."

Sai da kumfa ta ƙare sannan inji ya fara bin hannu sumul. Ina wasa da shi na lura da wani abu da ya ba ni sha'awa: in ka juya hagu ka dawo dama sau da yawa, inji ya miƙe, amma sitiyarin ba ya komawa daidai inda ya taso, don man na ɗan sulalewa a cikin famfo. Na tsaya ina ta gwadawa kamar yaro ya samu abin wasa. Ban ga dalilin faɗa wa Baba ba.

Washegari na bi shi don na ga aikina, da raguna shida da buhunan albasa. Ruwa na janyewa a lokacin. Da muka fita daga mashiga muka sha kwana biyu, sai na ga babban yatsan Baba na laluben sitiyari. Ya juya har ƙullin nan ya zo sama, ya ƙara wuta. Jirgi ya fara karkata hagu a hankali. Ga tudun laka can gabanmu ƙuru-ƙuru, amma na ce a raina ƙila ya san wata hanya da ban sani ba. Sai ji muka yi tim! Raguna suka zube kan juna suna ihu, ni na kifa kan buhu. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, sai dai mun kafe, dole mu jira ruwa ya ciko.

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. "Haba Baba! Wannan uban tudu?"

Bai kula ni ba. Hannunsa na kan sitiyari yana murza shi. "Kai, abin nan naka bebe ne," ya ce. "Da can in ruwa na jan mu, wayar kan ja hannuna. In mun kusa laka, ta yi rawa. In ƙulli ya zo sama, na san mun miƙe. Yanzu kamar ina dama koko."

Nan na fara zargin idanunsa. Akwai sandunan masunta guda huɗu a kafe, ba su fi taku talatin daga inda muke ba. Na ce, "Baba, sandunan can nawa ne?"

Ya ɗaga kai, ya daɗe yana duba inda na nuna. "Akwai sanduna ne?"

Ashe ya kusa shekara biyu yana ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi. Ko Umma bai faɗa wa ba. Da waccan ruɓaɓɓiyar wayar da wannan zaren yake kai kaya ya dawo lafiya, ni kuma na zo da wayona na zare wayar, zaren ma ya zama banza. Kunya da tausayi suka rufe ni, wallahi na ji kamar na nutse cikin lakar nan.

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. Gobe zan mayar da wayar, ban yar da ita ba."

Ya girgiza kai. Ya ce sau nawa yana ɗauko matan ƙauye da 'ya'yansu a hanyar dawowa, kullum yana gaya wa kansa hannu ya isa. Ya ce gara da raguna abin ya faru.

Da ruwa ya ciko jirgi ya ɗaga, ya zaro wuƙar da yake yanka igiyar buhu, ya yanke zaren, ya jefa a aljihun rigarsa. Ya tashi yana dafa gefen jirgi, ya koma baya, ya zauna kusa da inji, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin.

"Kai, zo ka kai mu," ya ce. "Ka riƙe dama, nan gaba kaɗan ruwan na ja."

Na kama sitiyarin. Ba mu yi nisa ba na ga hancin jirgi ya fara zamewa hagu, daidai inda ya faɗa, amma a hannuna ban ji komai ba.