Faifai Ashirin da Biyu a Hawa na Shida

Aikin jinya a gidajen mutane nake yi tun da na zo New York daga Kumasi. A wani lokacin sanyi kamfaninmu ya tura ni wurin wani tsoho Bature a titin Grand Concourse, hawa na shida. In shiga Litinin da safe, ba fita sai Asabar. Tsohon ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ɓangaren dama ya mutu, magana ta tafi, hannun hagu kaɗai yake ɗagawa, shi ma yana rawa. Dokar aiki ta hana a bar shi shi kaɗai ko na minti biyar, don haka ko shagon da ke ƙasan ginin ban isa in sauka ba. Tagogin da ƙarafa a giciye. Lif kuwa, na'urar hawa bene, yakan yi kwanaki a lalace.

Ni mutum ce mai son abu a kan tsari. Ranar farko na rubuta yadda yini zai tafi na manna a jikin firji: wanka ƙarfe bakwai, magani ƙarfe takwas, motsa gaɓoɓi ƙarfe goma, haka har zuwa kwanciya.

'Yarsa tana zaune a wata jiha. Ta kira ni a waya ta ce babanta ba shi da abin da yake so kamar faifansa, in riƙa sa masa. Ta kuma gaya mini cewa nan da wata guda za ta mayar da shi gidan kula da tsofaffi. Can ɗakin mutum biyu ne, babu wurin garmaho, wani mai sayen tsofaffin kaya zai zo ya kwashe. Wato wata ɗaya ya rage masa da kiɗansa.

Faya-fayan suna kan kanta kusa da taga, guda ashirin da biyu, duk na mutum ɗaya ne. A hargitse na same su. Na duba shekarar da aka buga a bayan kowane kwali, na jera su daga na fari zuwa na ƙarshe, na ƙara layi a takardar firji: bayan la'asar, faifai ɗaya. Ban taɓa sarrafa garmaho ba, amma ba wuya. Na ɗora faifai, na kunna, na sauke allura.

Abin da ya fito ban san sunansa ba. Ni da na tashi da kiɗan biki na zango, wanda ƙafa ke ganewa tun kafin kunne ya ji, sai ga jita kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, ganga tana tafiya tana tuntuɓe, can a yi tsit, sai a ji ƙarar ƙofa. Muryar mawaƙin siririya ce, tana sauri kamar ta mace mai faɗa. A kwalin kuwa hoton wani ƙato ne mai gemu. Na kalli hoton, na saurari muryar, na ce ikon Allah ya fi gaban haka.

Tsohon yana jin kiɗan ya fara buga hannun keken guragun da yake zaune a kai da hannun hagu, yana wani gurnani, idonsa a kan garmahon. A rahoton da nake cika wa kamfani na rubuta cewa yana jin daɗin kiɗa, har tafi yake yi.

Faifai uku na farko haƙuri na yi da su kamar magani. Na uku ma babu murya ko ɗaya, sai ƙarar ruwa da ta inji. A na biyar ne wani abu ya faru. Na ji wani ɗan amo da na sani, na tsaya da cokali a hannu. Amon da ke cikin faifai na biyu ne ya dawo, amma an juya shi, ƙarshensa ya zama farko. Ashe mawaƙin nan ba hauka yake ba, yana da tsarinsa, ɓoye shi yake yi. Daga ranar na samu littafin rubutu. Kowane faifai lambarsa, yawan waƙoƙinsa, da abin da ya ɗauko daga na baya. Kafin mu kai na goma, ina idar da sallar la'asar nake naɗe darduma da sauri. Ina wanke kwanuka sai in ji bakina yana bin siririyar muryar nan. A gidan da ba na iya fita ko ƙofa, wannan sa'a ɗaya ce nake jira. Tsohon kuma kullum yana buga hannun keke, ni kuma kullum ina ce masa, "Madalla, Baba, yau ma mun ci gaba."

Akwai wani Alhaji ɗan Nijar, mutumin Damagaram, shi ke da shagon ƙasan ginin. Duk Alhamis yakan kawo mana ruwan roba da sabulu ya ajiye a ƙofa kafin azahar. Ranar faifai na goma sha huɗu lif ya mutu, bai samu hawowa ba sai da yamma. Ya iso yana haki, na ba shi kujera da ruwa. Ya sha, ya karkata kai.

"Hajiya, wa ke korar mawaƙin nan?"

"Ba mai korarsa, Alhaji. Haka waƙarsa take. Ba gurminku ba ne."

"To, mutanen Gana masu ilimi. Mu ƙauyawa bari mu leƙa."

Ya tashi ya sunkuya a kan garmahon, sai ya kama dariya har yana tari.

"Babana yana da irinsa tun ina ƙarami. Kin ga ɗan maɓallin nan? Shi ke saita gudun faifai. Babban faifai talatin da uku ake sa shi. Ke kin bar shi a arba'in da biyar. Shi ya sa yake zuba kamar limamin da ya bar mota inda ake ba da tikitin tara."

"Ni ban taɓa shi ba. Yadda na same shi ke nan."

"Bon, to, saurara yanzu."

Ya tura maɓallin. Komai ya lafa. Gangar ta daina tuntuɓe, ta zama tafiyar mutum mai nauyi. Sai murya ta fito, babba, mai kauri, a hankali, muryar ƙaton nan mai gemu. Hannun tsohon ya tsaya a iska, sannan ya sauka kan cinyarsa. Hawaye ya gangaro daga idonsa na hagu. Alhaji ya dube shi, ya dube ni, dariyar ta ƙare. Ya gyara hularsa ya ce, "Allah ya ba shi lafiya," ya fita.

Yamma goma sha huɗu bawan Allahn nan yana gaya mini da abin da ya rage masa, ni ina rubuta cewa tafi yake yi. Na durƙusa gaban kekensa na ba shi haƙuri da Turanci, na sake ba shi da Hausa. Bai dube ni ba, yana sauraro.

Kwana tara suka rage. Abin da raina ya fara ba ni shi ne mu koma na ɗaya mu faro daidai, har na ɗauko biro. Na lissafa na ga ba za mu kai ko rabi ba. Kuma faya-fayan ba nawa ba ne. Washegari bayan karin kumallo na tura kekensa gaban kanta, na riƙa ɗaga masa kwali ɗaya bayan ɗaya. In ba ya so ya rufe ido, in yana so ya ɗaga yatsa. Ya zaɓi na goma sha bakwai. Da ya ƙare ya zaɓi na uku. Sannan na goma sha bakwai kuma. Abin ya yi mini ciwo kamar a ce in fara alwala daga ƙafa, amma na sa masa. Daga safe har yamma muke yi, ba ma tsayawa sai don salla, abinci, ko barcinsa.

Ba zan ɓoye ba, kwana biyun farko na yi kewar siririyar muryar da na saba da ita. Wannan mai kaurin muryar baƙo ne a wurina, ga nauyi, ga jan rai. Amma a hankali na ji abin da sauri ya ɓoye mini. Inda na ɗauka ƙarar inji ce, ashe numfashinsa ne. Inda na rubuta hayaniya a littafina, ashe magana yake yi. Faifai biyar ban taɓa jin su ba har yau, domin tsohon bai ɗaga musu yatsa ba.

Ranar Juma'a 'yarsa ta zo da kwalaye, tare da maza biyu masu motar ɗaukar marasa lafiya. Sun tarar na goma sha bakwai yana kan juyi, bai fi rabi ba. Ɗayansu ya nufi keken yana cewa mota tana kan titi. Na sha gabansa.

"Ba za a taɓa shi ba sai allura ta kai ƙarshe."

"Minti nawa ke nan?"

"Goma sha biyu."

Ya dubi 'yar. Ita ta dubi babanta, ta ajiye kwalayen a ƙasa, ta zauna a hannun kujera da rigar sanyinta a jiki. Mazan suka jingina da bango. Mu biyar muka tsaya har muryar ta yi shiru, allura ta shiga fili tana ƙas-ƙas. Tsohon ya buɗe ido ya gyaɗa mini kai sau ɗaya. Na ɗaga allurar, na sa masa hula da safar hannu, na cire birkin keken.