Kitson Priscille Ba Ya Motsi

A Dogon Dutsi, in mace ta ce za ta kitso ba ta faɗi gidan wa ba, to wurin Priscille take nufi, can bayan majami'a, gidan da dogon yaro ya yi wa inuwa. Priscille ta gaji kitso wurin uwarta, ta gaji har hannun. Kai, hannu ne. In ta kama gashi ta ja, sai girar mace ta hau sama kamar mai mamaki, ta koma gida tana kwana ruf da ciki. Amma kitson sai ya yi wata da watanni bai motsa ba. Matan zumunta na zuwa, matan malamai na zuwa, har amare ake kawowa daga Tibiri.

Nata kan kuwa ɗiyarta Rosine ke kitsawa, wadda ta koya wa ja tun tana ƙarama. In yarinyar ta sassauta, sai Priscille ta miƙa hannu baya ta make ta.

Ana gab da bikin Rosine ne Priscille ta dubi madubi ta ga goshinta ya ƙaru. Gashin gaba ya janye, gefe da gefe ya yi fes kamar tafin hannu. Gabanta ya faɗi. Ba kyau take ji ba, ta wuce nan. Makitsiya mai sanƙo, wa zai ɗora kai a cinyarta? Cewa za a yi cuta ce, tana bin mataji, shi ke nan sunan da ta gada ya tafi. Ta ja ɗankwali har bisa gira ta yi shiru da bakinta.

Shirun bai je ko'ina ba. Maƙwabciyarta Sahura, matar wani ɗan Izala mai shago, ta shigo aron turmi ta tarar da ita kai buɗe. Washegari sai ga ta da man habbatus sauda, da gargaɗi kada ta kuskura ta je wurin 'yan bori. Gwaggonta ta Dumega, da ta zo biki, ta shafa wurin ta girgiza kai.

"Doguwa ce, aljanar gidanmu. Tun da uwarki ta bi 'yan mishan ba wanda ya ba ta ko kaza. Mi kike so ta yi?"

Ta bar mata turare a ƙullin tsumma. Matar pasto kuma ta dafa kan ta yi addu'a mai tsawo.

Sai ƙanenta Osée, direban babbar mota, ya dawo daga Kotonu da kwalba mai hoton wata Ba'indiya, gashi har gwiwa. Wai maganin gargajiyarsu ne, Ayurbeda, man wani ɗan itace mai suna amla. Ya buɗe salula yana fassara mata abin da wata mata ke faɗi a bidiyo: a ɗumama man, a murza fatar kai da yatsu, a jiƙa hulba a shafa, a ƙara da lalle.

"Hulba? Lalle? Osée, har Indiya za a je a ce mini hulba? Ga ta can cikin gwangwani."

"Haka dai ta ce, Yaya. Ta ce kuma kada a riƙa ɗaure gashi tamau."

Priscille ta yi tsaki. Mutanen da gashinsu ke zuba kamar gezar masara, mi suka sani game da kitso?

Aka kai Rosine ɗakinta a Kore Mairuwa. Priscille ta rasa mai yi mata kitso, don ba ta yarda wata ta ga kanta ba. Ta tsefe ta bar shi haka nan cikin ɗankwali. Da safe man Sahura, da yamma man Indiya da hulba, ran Lahadi addu'a. Turaren gwaggo ma, Allah ya gafarta mata, ta kunna shi sau ɗaya da mijinta ya tafi gona.

Kafin kaka gashi ya fara tsirowa, ƙanana masu laushi kamar na jinjiri. Murna ta zo mata tare da ruɗani. Sahura ta ce ai ta faɗa. Gwaggo ta aiko a tambayi kazar. Osée yana ta yi wa Indiya kirari a tasha, matar pasto na jira ta tashi ta ba da shaida. Priscille ta rasa wanda za ta gode wa, ta rasa wanda za ta daina, sai ta ci gaba da duka, kanta na warin abu huɗu.

Rannan Rosine ta zo ganin gida. Mata na zaune bisa tabarma suna jiran layi, amma ɗiya ta riga kowa. Ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta ta zame ɗankwali.

Priscille ta tsaya da mataji a hannu. Gaban kan Rosine ya janye, gefe da gefe, daidai inda nata ya yi. Yarinyar da ba wanda ya taɓa yi wa kitso sai ita. Ta ɗaga ido ta dubi matan da ke jira, waɗanda suka daɗe suna zuwa wurinta. Kowacce ɗankwalinta har bisa gira. Haka suke jere a majami'a ma, ita kuwa duk zatonta yayi ne. Maganar ɗaure gashi tamau da ta yi wa tsaki ta dawo mata.

Ta tsaga gashin ta soma kitsawa a hankali, sako-sako.

"Mama, lafiya? Ki ja mana," in ji Rosine. "Haka zan koma Kore Mairuwa a ce ke kika yi?"

Matan suka juyo. Priscille ta san abin da za ta faɗa zai kai kasuwa kafin la'asar.

"Hannun ne ya mutu, ɗiyata. Ba ya iya ja kuma."

Ɗaya daga cikin matan ta soma neman takalminta. Priscille ba ta dube ta ba. Ta jawo kwalbar mai hoton Ba'indiya, ta zuba a tafi, ta shiga murza wa Rosine goshi.