Tamba Mai Fito da Gidan da Inno Ke Nema

Da an idar da sallar asuba Tamba yake sauka bakin gulbin Argungu, gorar tuƙa jirgi a kafaɗa, ƙwarya a hannu. Sai ya fara kwashe ruwan da ya kwana cikin jirgi yana mita shi kaɗai, don Tamba ko kifi ne ya yi tsalle sai ya sami abin cewa. Masu albasa su zo, mata masu nono su zo, mai akuya ya jawo akuyarsa tana turjewa, ya yi ta kai su ƙetare yana dawowa har rana ta take. Haka na taso na gan shi, haka kuma yake har bana da kafaɗa ta ce masa ya isa, ya bar wa ƙanensa Atiku fiton. Kowa a garin nan ya shiga jirginsa, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya yaba masa ba. Ni zan yi, saboda mahaifiyata.

Inno muke ce mata. Tun muna yara take da taɓin hankali, mun kuma iya zama da shi. In ya taso mata takan bar magana da mu ta koma magana da bango, mu ɓoye wuƙaƙe mu jira. Bayan 'yan kwanaki sai ta dawo ta hau tambayar wa ya ci, wa bai ci ba. Ko a tsakiyar ciwon ba ta taɓa manta sunan ɗayanmu ba.

Shekarar da aka sami mulkin kai ina Birnin Kebbi kan keken ɗinki, muna ta ɗinka wa 'yan makaranta tutoci, sai ƙanwata Sauda ta aiko a ce in zo. Na iske Inno zaune kan tabarma da ƙullin kaya a cinya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa baƙo.

"Inno, ni na, Ummaru."

"Ummaruna yaro na ƙarami," in ji ta. "Kai ko ga ka da gemu. Kai ɗan wa?"

Na dubi Sauda, Sauda ta dubi ƙasa. Mako guda kafin nan matar nan ta san kowa. Wasu suka ce tsohon ciwon ne ya ƙaru, wasu suka ce iska ce, malamin asibiti ya ce tsufa ne. To tsufa yana zuwa a mako guda? Har yau ban san wanne zan kama ba. Na dai san wancan ciwon yakan tafi da ita ya dawo mana da ita, wannan kuwa ya tafi da ita ke nan.

Sai ta tsiri cewa gida za ta, babanta yana jiranta a Gulma, mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni. Da an yi sakaci sai ta ɗauki ƙullinta ta nufi gulbi, ga shi ƙarshen damina, ruwa ya cika ya batse. Ba sau ɗaya aka tsamo ta ba. Kawu Abdussamadu ya ce a sa ta a turu, gungumen nan da ake maƙale ƙafar mahaukaci. Na kasa cewa to, na kasa cewa a'a. In an sake ta, ruwa; in an ɗaure ta, turu. Na zauna kawai ina kallon ƙafafunta.

Baiwa mai nono ce ta ga abin da ya faru da safiyar da aka shirya kawo turun. Inno ta shiga ruwa har gwiwa, mutane suna ta ihu. Tamba bai yi ihu ba. Ya turo jirgi gefenta ya ce, "Inna, mi za ki tahi da ƙahwa ga jirgi? Shiga mu tahi." Ta shiga. Ya kai ta tsakiyar gulbi, ya juya a hankali ta bayan ciyayi, ya dawo da ita daidai inda ya ɗauke ta. "Mun iso," in ji shi. Ta sauka, ta sa masa albarka, ta bi Sauda gida ta kwanta ta yi barci. Da la'asar ya sami kawu a ƙofar gida ya ce, "Ku bar mata ƙahwatta. In ta taso, ku sako min ita bakin gulbi, ni ka kai ta."

Tamba na bakin gulbi, kai ne ka yi ta wannan tafiya shekara da shekaru, kana barin masu albasa a tsaye suna zaginka. Kai ne take kira Dikko, sunan yayanta, ka amsa. Gobe ta kira ka da wani suna, ka sake amsawa. Na taɓa tambayarka ko wannan ba yaudara ba ce, don abin yana damuna. Ka ce, "Ta ce gida, gida kuma nik kai ta. Can da taka nuhi, jirgina bai zuwa." Ban san ko ka amsa mini ba ko ka ƙara rikita ni.

Yanzu ka bar fito, amma Inno ta ƙi jirgin Atiku, ta ce ba ta san shi ba. Don haka da kafaɗar mai ciwo kake saukowa ka yi wannan fito guda. Ranar da hannun zai ƙi gaba ɗaya ban san abin da za mu yi ba, kuma ina jin tsoro. Ina roƙon duk wanda ya ga tsoho ya ruɗe a hanya, kada ya fara da igiya, ya tambaye shi inda za shi tukuna.

Juma'ar da ta wuce na shiga jirgin tare da su, na zauna kusa da ita. A tsakiyar ruwa ta dube ni da tausayi ta ce, "Kai ma gida za ka, bawan Allah?" Na ce e. Ta ce, "Allah shi sa ka iske uwakka lahiya." Na ce amin.

Tamba, ba don kai ba da ko wannan addu'ar ban samu ba. Na gode, Allah ya saka maka da alheri.