Amshin da Ya Yi Mana Nauyi

Shekaru kaɗan ne suka wuce, amma ba zan iya rantsuwa a kan duk abin da zan faɗa ba. Wataƙila na haɗa Asabar biyu na mai da su ɗaya, wataƙila kuma wasu maganganun ba daidai haka suka fito daga bakin masu su ba.

Da na gama hidimar ƙasa na dawo Azare, sai na shiga wata 'yar ƙungiya ta matasa masu karanta waƙa da baki a gaban jama'a, ba kiɗa ba rerawa. Muna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar a wani aji na firamare. Ni ba na rubutawa. Aikina duba waƙoƙi kafin a fita da su, don Hausa na karanta a jami'a. Yawan cewa "ko da za a ɗan sassauta nan" ya sa suka laƙaba mini Malam Wataƙila.

Lokacin sun kamu da kallon bidiyon matasan baƙar fata na ƙetare, masu tsayawa gaban taro suna zayyana abin da aka yi wa kakanninsu saboda launin fata. Sun yi ta kwaikwayo, har da yadda ake ɗaga hannu. Rannan ɗaya daga cikinsu ta ce, "To mu namu fa? Ko sai an haye teku ake samun abin kuka?"

'Yar wani ɗan kasuwa ce mutumin Kudu, mai shagon kwanuka. A Azare aka haife ta, kuma Hausarta ta fi tawa gishiri. Bayan mako biyu ta kawo waƙa a kan kakarta: yadda aka ƙone rumfarsu a wani rikicin ƙabilanci tun kafin a haifi iyayenmu, yadda wasu ƙofofi suka ƙi buɗuwa, da yadda wata mata a wani ƙauye wajen Bulkachuwa ta ɓoye ta cikin rumbun gero. Ba ta zagi kowa ba. Sai dai ta sa wa waƙar amshi irin na gargajiya, wanda masu sauraro za su riƙa karɓa: "A nan aka yi."

Na ce, "Ƙanwata, waƙa ta yi. Amma akwai dattawa a wurin taron da za ki karanta ta. Ko a mai da amshin 'Allah ya kyauta'?"

Ta ce, "Haba Malam Wataƙila, 'Allah ya kyauta' ai tashi taro ne. Da an faɗa kowa sai ya nemi takalminsa."

Wani daga baya ya ce, "Ƙyale shi, wannan ko sunansa kika tambaya sai ya ce bari ya duba."

Da dariya ta lafa ta ce, "Ƙonawar a nan aka yi, ɓoyewar ma a nan aka yi, ba zan raba su ba. Kai dai ka fara karɓa. In mai digiri ya karɓa, saura za su bi." Na ce to.

Babanta bai so ta karanta waƙar ba. Ta gaya mana ya ce ita za ta sauka ta tafi gida, shi kuwa gobe a tsakiyar mutanen nan zai buɗe shago. Duk da haka ranar taron ya rufe shagon ya zo ya zauna a bencin ƙarshe. Na fahimci cewa in aka ƙi karɓar amshin nan, kamar gari ne ya ce ƙarya take yi, kuma shi zai kwana da abin.

Ta karanta baitin farko da murya a daidaice, ta faɗi amshin, ta dube ni. Na dubi layin dattawa, bakina ya ƙi buɗuwa. Wuri ya yi tsit. Na zaci za ta wuce kamar ba a yi ba. Ba ta wuce ba. Ta tsaya, ta sake faɗa a hankali, ta jira. Har yau ina mamakin inda yarinyar nan ta samo wannan jiran.

Sai wata tsohuwar murya ta ce, "A nan aka yi." Ina jin wani dattijo ne mai gyaran keke a bakin tasha. A baiti na biyu matasan suka karɓa, ni ma na bi. Da aka zo kan rumbun gero, har ɓangaren mata ya ɗauka. Bayan an tashi na ga dattijon ya riƙe hannun babanta sun daɗe a tsaye. Ban ji abin da suka ce ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Washegari dai na bi ta kasuwa na ga shagon a buɗe, ana cinikin tukunya.

Wasu sun ce ba mai gyaran keken ne ya fara ba, wata Hajiya ce daga gefen mata. Duk wanda ya halarta kuma ya tuna sahihin yadda aka yi, don Allah ya aiko mini da gyara, domin ladan na mai shi ne kuma ba na so in ba wani.