Irin Inna

Har yau in na ji wani yana cewa ya zo gyaran ƙasa, raina ɓaci yake yi. Na taɓa ganin irin wannan gyaran da idona, ina budurwa, a ƙauyenmu da ke kan tudu kusa da Allakaye.

Gonakinmu tsakuwa ce zalla, ruwan sama kuma ba ya daɗewa. Shi ya sa muke da geronmu na dutse, gajere, mai saurin nuna. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ke riƙon irinsa. Kowace kaka, kafin a yanke gero, sai ta bi gona kunya-kunya tana zaɓen zangarnu masu cika, ta ɗaure su, ta rataye a ƙugiyar ɗakin girki inda hayaƙi zai hana ƙwari. A wajen uwarta ta gaji wannan iri. Lokacin hare-hare, da aka gudu cikin duwatsu, tsohuwar ta bar tukwanenta da akuyarta, amma ta ƙulle irin a bakin zane.

Shekarar da yaƙin Nasara ya ƙare, kumandan, Baturen Faransa mai mulkin yankinmu, ya zo da tafinta da gardi huɗu, wato 'yan sandansa. Aka tara mu gindin gawo. Tafinta ya ce yaƙi ya cinye Faransa, birane sun rushe, mutane na kwana da yunwa, dole kowa ya taimaka a tayar da ita. Wallahi mun tausaya. Yayana yana can cikin soja, kuma mun san yunwa fiye da yadda kumandan ya san ta.

Suka kwashe rumbun tsimi, wanda su da kansu suka tilasta mana cikawa don ranar wahala. Bai ishe su ba, suka shiga gida-gida. Wani gardi ya ɗaga kai ya hango damin Inna.

Ta tare ƙofa ta ce, "Wanga ba na ci ba ne, ɗana. Iri na."

Ya ce, "Hatsi hatsi na, tsohuwa. Kumandan ya ce in damina ta taho za a ba kowa iri."

Ya ture ta ya sauke shi. Babana yana tsaye, bai hana shi ba. Na daɗe ina jin haushinsa, sai daga baya na gane bulala ya gani a hannun mutumin.

Sun cika alkawari kuwa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da bazara aka kawo iri a buhuna, sussukakke, daga can wajen Urno. Inna ta ɗiba ta murza a tafin hannu, ta ciza ƙwara ɗaya ta tofar.

"Maiwa ta," in ji ta. "Ta ƙasa mai laima. Nan ba ta yi."

Wa zai gaya wa kumandan? Shi a takardarsa an karɓi gero, an mayar da gero. Muka shuka, don ba mu da wani. Ya tashi kore shar, ya fi mutum tsawo. Kumandan ya wuce a kan doki, ya tsaya yana yaba wa kansa. Sai ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa, lokacin da namu zai kasance ya riga ya nuna. Wannan ko kai bai gama fitarwa ba. Kara muka girbe, muka ci anza, 'ya'yan itacen daji, har bakinmu ya yi ɗaci.

Inna ta taka da ƙafa har Tabotaki tana cigiyar irin wajen dangi. Ko'ina gardi sun riga ta.

Bayan kaka yayana ya dawo, ya rame. Da ya huta, Inna ta zauna kusa da shi. Abu ɗaya take so ta ji.

"Mutanen can da anka ce suna yunwa, sun samu hatsin? Sun ci?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, su ba su cin gero. Ko dakansa ba su iya ba."

"To ina anka kai shi?"

"Bariki. Dawaki anka ba."

Inna ta dubi ƙugiyar da ke ɗakin girki, ta tashi ta ciro ta, ta jefa cikin murhu.