Tsalar Bafulatana

Ko zan manta da komai na zamana a Riruwai, ban da ranar da wata Bafulatana ta so wulaƙanta ni da ƙwaryar tsala.

Lokacin Turawa na nan, ana haƙar kuza, ni ina cikin masu wanke ta a bakin rafi. Allah ya yi ni da son maiƙo. In aka kawo tuwo ban ga man shanu yana yawo a kan miya ba, cewa nake an yi mini rowa. Ana nan ciwo ya kama ni. Da na ci abinci sai ya taso daga ƙahon zuciya ya huda har gadon baya, in duƙunƙune ina gumi. Aka yi jiƙe-jiƙe aka gaji, sannan aka ɗora ni a mota zuwa asibiti a Kano. Likita ya ce, ta bakin tafinta, wata 'yar tsoka ce a bayan tumbi ta kumbura, kuma ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa ta. Lallaɓawar kuwa ita ce in rabu da mai.

Mai ɗakina ta riƙe maganar gam. Man gyaɗa, man shanu, kitse, har ƙuli-ƙuli ta hana shi shiga gidan. Da ta ga ina ramewa, sai ta ƙudura mai da ni da kindirmo, kowace safiya ƙwarya guda da fura, mai kaurin nan da ludayi ke tsayawa a ciki. Wa zai zargi nono? Tun kakanni shi ake ba majinyaci. Amma ciwo bai fasa ba, har na koma tsoron ganin akushi. Masu zuwa dubiya suka fara cewa mu yafi juna, na kuma san abin da hakan ke nufi. Na tsorata ƙwarai.

Mai kawo mana nonon wata dattijuwa ce daga rugar bayan dutse. Ni kuwa kakana Babarbare ne, don haka tsakanina da ita babu gaisuwa sai tsiya irin ta abokan wasa: ta ce ni bawanta ne, in ce ita ce baiwata. Rannan ta iske ni yashe a kan tabarma a tsakar gida.

"Babarbare, har yanzu kana nan?" in ji ta. "Shanuna sun gaji da ciyar da kai. Yau kindirmo na iyayen gida ne, bawa tsala zai sha."

Ta tsiyayo mini ita, tsararo, ga tsami. Mai ɗakina ta haɗe rai za ta karɓe. Ni ko a wannan hali ba zan bari Bafulatana ta ga gazawata ba. Na sa aka dama fura da ita, na shanye tas, na ce mata ko tsalar ma ta cika mata ruwa.

Sai na kwanta ina jiran ciwo. Hantsi ya ɗaga, shiru. Aka kira azahar, shiru. Na shafa ciki, na danna, na miƙe zaune, na tashi tsaye. Wajen la'asar sai ga yunwa, yunwa ta gaske wadda na manta yadda take. Na ƙwala wa mai ɗakina kira, ta yar da muciya ta fito a guje, ta ɗauka rai ne ya zo fita. Ta same ni tsaye ina ƙyalƙyala dariya kamar taɓaɓɓe.

Washegari tun daga ƙofa muka tare dattijuwar da tambaya, ko wani magani ta zuba. Ta dube mu sheƙeƙe.

"Man shanun da aka hana ka, daga ina kake zaton muke fitar da shi? Kindirmo ba a kaɗa shi ba, mansa na ciki. Tsala ita ce abin da ya rage bayan an kwashe."

Muka dubi juna ni da mai ɗakina. Ta dafe kai, ni kuma na fita ko hula babu, ina tare duk wanda na gamu da shi ina ba shi labari. Daga nan muka shiga bincikar duk abin da ke shiga tukunya. Kaza a feɗe fatar a dafa, kifi a gasa, ci kaɗan-kaɗan. Ciwon bai tafi ba, in na yi ganganci yakan leƙo, amma daminar nan da hannuna na yi noma. Dattijuwar kuwa har ta koma ga Allah tana shela a kasuwa cewa ita ta raya bawanta, ni kuma ban taɓa samun bakin musu ba.

Abin da na koya ke nan: in an hana ka abu, kada ka tsaya ga sunansa, ka tambayi inda yake ɓuya. In ba haka ba, wanda ya fi kowa ƙaunarka shi zai riƙa miƙo maka shi da hannu biyu.